Irin Dumanki

Assalamu alaiki, Maman Rabi.

Na san wannan takarda ba za ta iso ki ba, ko tana isowa ma ke da boko ba ku taɓa shiri ba. Amma akwai maganar da ta tsaya mini a wuya, kuma ban ga wanda zan faɗa wa ba sai ke.

Gida lafiya. 'Yarmu Rabi ta sake haihuwa a Rano, mace, an yi miki takwara. Ni kuwa gwiwa ta matsa mini, na gaji ƙwarai, irin gajiyar da barci ba ya sauke ta.

Maganar dumanki ce. Na ɓata miki iri.

Kin tuna yadda kike yi? Na ludayi a gida, jikin danga, don ya hau ya rataya wuyansa ya miƙe. Na ƙwarya kuwa sai can gonarmu ta hanyar Kahu, ya yi yaɗo a ƙasa. Shekara nawa ina yi miki tsiya, ina cewa duma duma ne, taurin kai ne kawai irin naku na mutanen Tarai? Ke dai sai ki ce haka kika ga mahaifiyarki tana yi, ki ɗauki fartanya ki wuce.

Daminar farko bayan rasuwarki na kwance ƙulle-ƙullenki biyu na iri, na haɗa su a gindin danga ɗaya, don ba zan iya tafiyar gona ba. Suka fito fes. Ganyen nan mai gashi-gashi ya rufe kara, siraran igiyoyinsa suna kama duk abin da suka taɓa, har da igiyar shanya. Da magariba furen ya buɗe fari tas, hantsi na yi ya yanƙwane. Sai a lokacin na lura ashe furen iri biyu ne, wani da ɗan ƙullutu a gindinsa, shi ke zama ɗa, wani kuma faɗuwa kawai yake yi. Shekara arba'in a tsakar gidana ban taɓa dubawa ba.

Ƙwarya ta yi ƙwarya, ludayi ya yi ludayi. Har na yi alfahari a ƙofar masallaci, na ce ga shi na rage wa duma wahala. Na fafe, na ajiye iri.

Bara na shuka wannan irin, sai ga abin kunya. Ba ƙwarya ba, ba ludayi ba: ciki ƙarami, wuya guntu a karkace, ba ya zama a ƙasa, ba ya shiga tukunya. Malamin gona ya ce ƙwarin da ke bin furen da yamma su ke ɗaukar garinsa daga wannan su kai wa wancan, kuma ɓarnar ba ta nunawa sai a shuka ta gaba. Ya ce duma kam yana ko'ina da ke da zafi da damina, daga Nijar har Kudu, har ƙasashen da ke bayan teku, kada in damu. To ina ruwana da na bayan teku? A cikinsu akwai wanda uwarki ta ƙulla miki a bakin zane?

Dudu, Bafulatanar nan ta rugar Nariya da ke karɓar ƙoren nono a wurinki, ta zo lokacin kaka. Na fito mata da su. Ta juya ɗaya a hannu, ta ajiye a hankali, ta yi miki addu'a ta tafi. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Tunda na fara, bari in ƙarasa. Shekarar da dumanki ya kayar da danga kika tarar an datse shi, ba awakin maƙwabta ba ne. Ni ne, da lauje. Na san kin sani, don ranar tuwona ya zo ba man shanu.

Na sake zazzage tsummanki na irin ƙwarya, na samu ƙwaya biyar sun maƙale a kusurwa. Su ke nan suka rage a duniya. Da ruwa ya zauna bana na kai su gonar Kahu, inda kike sawa, gefen tsamiya. Uku ba su fito ba. Biyu sun tsiro, kullum sai na je na duba, don kada dabbobi su riga ni.

Yanzu na san nisan wurin, Maman Rabi. Sau uku nake zama kafin in kai. Kina wannan tafiya da fartanya a kafaɗa, ni ina da keke a zaure, ban taɓa cewa ki hau in kai ki ba. Me ya sa ba ki taɓa tambaya ba? Me ya sa na jira sai kin tambaya?

In sun yi, ƙwaryar farko ta takwararki ce. In ba su yi ba, ki yafe mini wannan ma, ki haɗa da sauran.

Allah ya haskaka makwancinki.

Ni ne mijinki,
mai gadin duma biyu a hanyar Kahu.