Alif Ɗin da Ya Tsayar da Ɗaki

Daga Abdulsalami a Birnin Kudu, zuwa ga ɗalibina Sada, limamin Maruta ta ƙasar Gwaram. Aminci ya tabbata gare ka. Yaya Barira da yara, yaya kuma ƙarfin jiki?

Mutane in sun ga babba ya faɗi ba tuntuɓe, sai su ce iska ce. Fatake sun gaya mini jiri ya kayar da kai a ruku'u, har dattawa na shawarar karɓe limancin, wai mai iska ba ya jan salla. Sun ce da mura ka fara, sannan kunnenka ya toshe yana ƙugi. Ɗana, da jin haka hankalina ya kwanta, domin bara abin da ya same ni ke nan.

Na kwanta ɗaki yana juyawa da ni, ina ta amai. Da abin ya lafa, kewar karatu ta sa na jingine allo a bango gabana, na kafa ido kan alif guda, ina juya kai dama da hagu sannu sannu. Da fari alif ɗin gudu yake yi. Kullum ina yi, har ya tsaya, ɗakin ma ya tsaya. Tsarki ya tabbata ga wanda ya rataye tsayuwar mutum a cikin kunnensa.

Ka huta tukuna, na'ibi ya ja salla. Amma kada ka daɗe a kwance. Ka ɗauko allonka, ka yi yadda na yi.

Malaminka, Abdulsalami.

Zuwa ga Sada, bayan gaisuwa da tambayar lafiyar gida.

Takardarka ta iso. Da na kai inda ka ce ka ja sallar Idi, ka taso daga sujada ba mai riƙe ka, sai da na ajiye ta na share ido.

Ka ce Bappa Dabo, babban dattijonku, har yanzu yana cewa iskar ce ta yi tafiya, za ta dawo. Kada ka yi musu da shi. Zuba ruwa a ƙwarya, ka juya ta, ka tsayar. Ruwan zai ci gaba da zagaye. Ina zaton irin wannan ne a cikin kunnenmu, Allah ne masani. Sai ka roƙi Bappa Dabo ya yi 'yar hajijiya irin ta yara, ya tsaya, ya gaya maka wace iska ce ta shige shi. Kai ma ka gwada. Amma ka tsaya kusa ka tare shi, tsoho ne.

Ka gai da Barira.

Malaminka, Abdulsalami.