Rantsuwar Baba a kan Ƙwayar Barci

Labo,

Na wuce Funtuwa da auduga, mota ba ta jira. Na ga gajiyar hanya ta kayar da kai, ban tashe ka ba.

Ka san ƙwayar barcin da likita ya rubuta wa Baba tun rasuwar Inna. Ta kai in bai sha ba, ba ya runtsawa. Ran Juma'a Gwaggo Mero ta yi masa gori gaban surukai, wai dattijo ya zama bawan kwalba. Ya dafa Alƙur'ani ya rantse ya bar ta. Tun ran nan ba barci, sai gumi da rawar hannu. Jiya ya faɗi bakin rumbu yana shure-shure. Gwaggo ta ce iskoki ne. Ba iskoki ba ne.

Na kai shi asibiti. Likita ya yi faɗa, ya ce yanke ta rana ɗaya na iya kisa, a hankali ake ragewa. Baba ya ce shi fa ya rantse. Liman ya ce kaffara za a yi, a ciyar da miskinai goma.

To, ka auno dawa ka raba a kan idonsa. Bayan isha'i ka ba shi ƙwayar yadda likita ya rubuta a jikin kwalbar. Kwalbar na cikin akwatina, kada ta koma hannunsa. In Gwaggo ta yi magana, ka ce ni na sa.

Dawa ko ta ƙare, ma noma wata baɗi. Uba ba a noma shi.

Yayanka,
Isyaku