Ɗana Ya Sa Aurena a Fim, Jama'a Suna Ta Dariya

Salamu alaikum, Mai Shawara. Don Allah ki taimake ni kafin in aikata abin da zan yi da-na-sani, domin kwana biyar ke nan zuciyata tana tafasa.

Ni tsohuwar malamar firamare ce, shekarata talatin da uku da aure. Maigidana mai gyaran agogo ne. Shekara huɗu ke nan ba ma magana baki da baki, tun ranar da ya ɗauki akwatin wasiƙun da ɗalibaina suka rubuto mini ya zubar a bola, wai yana neman wurin ajiye kayan aikinsa. Bai ba ni haƙuri ba, ni kuma na ja bakina na yi shiru. In yana da buƙata sai ya rubuta a takarda ya manna a ƙofar firji, ni kuma in ɗauki jan biro in rubuta “na gani” in sa kwanan wata, kamar yadda nake yi wa littattafan yara. Ko maƙwabta ba su san halin da muke ciki ba.

To, ɗanmu na fari harkar fim yake yi. Ya gayyace mu kallon sabon fim ɗinsa ranar Asabar da rana, na ci ado na tafi ina taƙama. Ashe ni za a kalla! Ga firji, ga takardu, ga wata tsohuwa da jan biro a bayan kunne. Har yadda nake ajiye wa babansa maganin hawan jini kusa da kofinsa kowace safiya, sannan in buga ƙofa don kada ya ɗauka na damu da shi, duk yaron nan ya kwashe ya saka. Mutane suna ta ƙyaƙyata dariya. Matar da ke gefena har da share hawaye, tana cewa tsohuwar nan ta cika taurin kai. Ana kai rabi na ɗauki jakata na fice.

Fim ɗin ma ba wani abin kirki ba ne. Wadda ta fito a matsayina tafiyar agwagwa take yi, ni ba haka nake tafiya ba. An mayar da mijin abin tausayi, maganar akwati kuwa ko sau ɗaya ban ji an yi ba.

Shi gogan naki, maigidan, ya zauna har ƙarshe, ya dawo gida idanu jajur. Washegari ya buɗe baki ya yi mini godiyar magani. Ban tanka ba. Shekara huɗu ina gabansa bai gan ni ba, sai da aka haska ni a bango? Yanzu akwai takarda a firji, wai yana so mu yi maganar akwati. Ban sa mata hannu ba.

Yaron kuma, don rashin kunya, ya aiko yana tambayar ra'ayina. Na rubuta masa shafi huɗu da jan biro, na rufe da cewa kada ya ƙara taka mini gida. Na kuma haɗa kayana zan koma wurin ƙanwata. In aika?

Malama Mai Jan Biro

Malama, kina da gaskiyar yin fushi. Ɗanki ya yi laifi babba. Sirrin iyaye ba kayan aikinsa ba ne, kuma kai ki cikin taro ba tare da ya gaya miki abin da za ki gani ba cin fuska ne. Dole ya ji wannan, amma daga bakinki, ba a takarda ba. Takardu sun yi yawa a gidan nan.

Sai dai ki dubi ɗaya gefen. Yaron da ya lura da maganin da kike ajiyewa kusa da kofi ba maƙiyinki ba ne. Shekara huɗu yana shiga gidan da iyayensa suke magana da firji, shi ma abin yana cinsa, ya faɗa ta hanyar da ya iya, ko da yake ya yi ta ba daidai ba. Sannan rabin shafukan nan huɗu, in kika duba, na babansa ne. Kada ki kori ɗa a kan laifin uba.

Ban ga fim ɗin ba, ban san yadda ya ƙare ba. Ke ma ba ki sani ba. Na dai san cewa abin da ya buɗe bakin mutumin da ya yi shekara huɗu a rufe yana cikin rabin da kika bari. Da kina aji, za ki ba yaro sifiri ba ki karanta shafinsa na ƙarshe ba?

Ki ajiye wasiƙar, ki sauke jakar tukuna. Ki ce wa ɗanki ya kawo fim ɗin gida ki kalla har ƙarshe, sannan ki faɗa masa duk abin da ke ranki. Shi kuma maigidan, ki zauna ki saurari maganar akwatin. In haƙurin da zai bayar bai gamsar da ke ba, gidan ƙanwarki yana nan, ba wanda zai ga laifinki.

Takardar nan ta firji kuwa, kada ki rubuta mata “na gani”. Ki cire ta, ki je ki same shi, ki ce masa kina ji. Allah Ya sanyaya miki zuciya, Ya daidaita tsakaninku.