Kabarin da Babu Kowa a Ciki

Zuwa ga Yaya Sabi'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ƙani da wansa, ina so ka ji wani laifi da na yi.

Takardar da aka aiko daga barikinku bara tana nan cikin kwallar Inna. Ni na karanta mata, tunda ni ne mai sakandare a gidan. Na gane an yi muku kwanton ɓauna, na gane ka rasu. Kalma ɗaya ce ta gagare ni, "cenotaph", inda suka ce an rubuta sunanka. Girman kai ya hana ni cewa ban sani ba, sai na ce mata maƙabartar sojoji ce. Da ma ka sha faɗa cewa Turancina na cika baki ne.

Ka san Inna. Ba ta taɓa taka maƙabarta ba, amma duk ƙarshen damina sai ta tura mu garinmu Darki mu cike kabarin Baba inda ruwa ya zaftare, mu sake masa ƙaya. Bana da na dawo daga can, ta ce saura naka. Har ta ƙulla mini ƙuliƙuli na guzuri.

Ranar Juma'a Malam Bulus, mai koyarwa a jami'a, ya kawo babur ɗinsa garejina. Na nuna masa kalmar don in san inda zan dosa. Ya cire tabarau, ya daɗe yana gogewa. Sannan ya ce gini ne na tunawa da waɗanda yaƙi ya ci, musamman waɗanda ba a samu gawarsu ba. Sunaye ne kawai a jikin dutse, babu kowa a ciki.

Wato ba mu san inda kake kwance ba, Yaya. Shekara guda Inna tana samun sanyi da ƙaryata. Na ji kunya, kuma na yi kewarka fiye da ranar da takardar ta zo.

Jiya na faɗa mata, tana tsince wake. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi mini faɗa ba. Ta tambaya ko ruwa yana dukan sunan. Na ce a fili yake. Ta ce to in je duk da haka, in goge shi da hannuna.

Gobe zan tafi.

Allah ya gafarta maka, ya haskaka makwancinka duk inda yake.

Ƙaninka,
Habu