Na Ji Abin da Baba Bai Ji Ba

Assalamu alaikum Hajiya Zaituna. Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki ɓoye sunana, ko da yake duk wanda ya san Malanville zai gane gidan da nake magana. Yau kwana goma sha ɗaya abinci ba ya shiga mini, kuma na rasa wanda zan gaya ma.

Ni 'yar kasuwa ce, shekarata talatin da takwas. Albasa da shinkafa nake ɗaukowa daga Garou in kawo kasuwa. Na daɗe ina bin motocin haya, wani lokaci kayana su yini a bakin gona rana tana dukansu don direba ya samu wanda ya fi ni. Bana Allah ya hore mini, na ce zan sayi ƙaramar bas ta hannu, irin mai rufi ta ɗaukar kaya. Tuƙi ba baƙon abu ba ne gare ni, a garaji na tashi.

Babana makaniki ne. Ba don ni ɗiyarshi ce ba, ki tambayi tsofaffin direbobin kamiyo, manyan motocin kaya, da sunka yi zamani suna jeruwa a duwan, wurin 'yan kwastan, kafin su haye gada. Yana da wani dogon ƙarfe, sai ya dafa kai ɗaya bisa inji, ɗayan ga kunnenshi, ya rufe ido, ya gaya ma mai mota inda ciwon yake. Mu huɗu ya haifa, duk mata, ni ce mai miƙa mishi kayan aiki. Shi ya koya mini sauraren inji tun tsawona bai kai tayar kamiyo ba. Yanzu ya haura saba'in, ya bar garaji, amma har kwanan nan direbobi na kawo mishi mota ƙarƙashin iccen bedi, wato dogon yaro, na ƙofar gidanmu don ya saurara musu.

Da ya ji zan sayi mota, ya ce ƙafata ƙafarshi har Kwatano. Na ce tafiyar da nisa, gwiwoyinshi ba za su ɗauka ba, ya ƙi. Mota shida ya tsallake, ta bakwai wata fara ya saurara ya daɗe, sannan ya ce wagga ce. A hanyar dawowa ni ke tuƙi yana gefena, duk inda munka tsaya salla ko cin abinci sai ya gaya ma mutanen da bai sani ba cewa motar ɗiyarshi ce, shi ya zaɓa. Tun rasuwar Innarmu ban ga yana dariya haka ba.

Kwana tara da sayen motar, ina dawowa daga Garou da buhu goma sha biyu, sai wata 'yar fitila ruwan ɗorawa mai siffar inji ta kama a gabana. Ba ta ƙyaftawa, tsaye take. Motar ta ɗan rage ƙarfi. Washegari da safe da na tada ta, na ji injin yana ɗingishi, da wata 'yar ƙara ƙas-ƙas cikinshi. Na kira Baba. Ya ɗauko ƙarfenshi, ya dafa, ya rufe ido kamar kullum. Ya ce inji lafiya lau, waya ce ta saki saboda gargadar hanya, motocin yanzu sun cika ƙarya, in fitilar ta dame ni in liƙe ta. Hajiya, yana faɗin haka ina jin ƙarar. Ban ce komai ba. Kwana uku na ci gaba da aiki da ita ina gaya ma kaina wataƙila ni ce ban iya ba, har ta fara hayaƙi.

Rana ta huɗu na kai ta wurin Rachidi ba da sanin Baba ba. Rachidi shekara tara ya yi a hannun Baba yana koyo, yanzu magidanci ne da garajin kanshi, kuma yana da na'urar nan da ake jona ma mota ta faɗi ciwonta. Ya jona ta ƙarƙashin sitiyari, wata lamba ta fito. Ya ce anjekter ne na uku, wato ɗaya cikin bakuna huɗu da ke fesa gazuwal, man dizal, cikin inji, kuma shi tun ina shigowa ƙofa ya ji. Ya tambaye ni wa ya duba mini ita, na gaya mishi. Ya cire na'urar. Daga nan ya ce shi bai taɓa buɗe injin da Baba ya saurara ba sai da izininshi, kuma ba zai fara yau ba, sai ya je ya ga Baba. Na roƙe shi kar ya zo gida. Bayan la'asar sai ga shi.

Ya durƙusa ya gaida Baba, ya fara bayani a hankali cikin ladabi, sai da Baba ya sa shi ya maimaita sau uku. Ga maƙwabta biyu zaune. Baba ya ce a tada motar. Ya dafa ƙarfen ya daɗe, ya sake kunne, ya koma na farko. Ya dubi Rachidi ya ce, "Kana jin wani abu?" Rachidi ya sunkuyar da kai ya ce yana ji. Ya juyo gare ni ya ce, "Ke ma?" Na ce i, Baba. Ya jingine ƙarfen ga bango ya shiga gida.

Sai a lokacin abubuwa sunka dawo mini. Rediyon da yake ƙure ma murya. Jikoki su yi ta kira bai waiwaya ba, mu yi dariya mu ce tsoho ya iya share mutane. Sau nawa anka tada salla a masallacin da ke bayan katangarmu yana zaune bai motsa ba. Duk muna gani, ba wanda ya gane kunnenshi ne.

Tun ranar bai sake zama gindin bedi ba. Direbobi biyu sun zo, ya aika a ce ba ya jin daɗi. Da ma faɗa ya yi mini da ya fi sauƙi. In na gaishe shi ya amsa, ya sa mini albarka. Shekaranjiya na kai mishi fura, ya ce, "Na zaɓa miki mota mai ciwo, ki yafe mini." Babana, yana neman gafarata. Na fito na shiga motar na rufe na yi ta kuka.

Yayata Hadijatu ta ce ni na karya shi, da na ce ban ji komai ba da an wuce wurin. Motar tana nan ƙofar gida ba a taɓa ta ba, matan Garou na ta kirana albasa na jira. Har na fara tunanin in sayar da ita ko da faɗuwa, don ya daina ganinta in ya fito salla. Hajiya, na yi laifi ne? In gyara ta wurin Rachidi ko in rabu da ita? Kuma yaya zan yi in samu Babana ya dawo?

'Yar Makaniki, Malanville

*

Wa alaikumus salam 'yata. Ki share hawaye, mu fara da motar, don ita ce mai sauƙi.

Ni ba makanikiya ba ce, sai da na zauna da wani wanda na yarda da aikinsa na karanta masa wasiƙarki. Ya ce fitila ruwan ɗorawa da ke tsaye gargaɗi ne a duba da wuri. In ta fara ƙyaftawa, ko ja ta kama, ta mai ko ta zafi, a tsaya nan take a kashe inji. Taki kuma ta zo da ƙara da hayaƙi da raguwar ƙarfi, don haka kada ki sake ɗora mata kaya sai an gyara, kada kuma ki liƙe fitilar. Albasar wannan makon ki ɗauki haya ki kwaso ta.

Ya ƙara da wani abu da nake so ki riƙe da kyau. Na'ura tana nuna wurin da matsala take, ba ta faɗin dalili. Lambar da ta nuna anjekter na uku tana iya fitowa don shi kansa ya lalace, ko don wayarsa ko mahaɗinta sun saki, ko don gurɓataccen gazuwal ya toshe shi. Kafin a sayi sabo, a duba waya da mahaɗi, a canza matatar gazuwal, a gwada anjekter ɗin a ga yadda yake fesawa. Ban ce babanki ya yi daidai ba, tunda ya ce inji lafiya alhali yana ɗingishi. Amma maganarsa ta waya ba ta faɗi ba tukuna. Sannan motar ta yi fiye da kilomita ɗari bakwai da kwana tara kafin fitila ta kama. Ciwon yana iya zama na hanya, yana iya zama tsoho ne mai sayarwa ya goge shi daga ƙwaƙwalwar motar. Ba wanda zai rantse cewa mai ciwo ya zaɓa miki. Ki gaya masa haka, ba don lallashi ba, don gaskiya ce.

Yanzu ke. Yayarki ba ta yi miki adalci ba. Mutumin da ya canza kunne sau biyu kafin ya tambaye ki ya riga ya yi zargi a ransa. Da kin ce ba ki ji ba, da ya gane, kuma daga ranar ya san a gidansa ma an fara yi masa irin maganar da ake yi wa ƙaramin yaro. Inda kika kuskure shi ne safiyar farko. Da kin jira kun keɓe kin ce Baba ni ina jin wata ƙara, da abin ya tsaya tsakaninku biyu, bai faru gaban maƙwabta ba. Tsoron ɓata masa rai ya sa kika yi shiru, na gane, amma wannan kaɗai za ki nemi gafara a kansa. Rachidi ma da kyakkyawar niyya ya zo, sai dai ya kamata ya nemi a shiga ciki.

Kada ki sayar da motar. In ta ɓace daga ƙofar gida zai ɗauka kin tabbatar masa ya cuce ki. Ki nemi Rachidi ya zo da kayansa a yi aikin a gida, ki roƙi babanki ya tsaya a kai, ya ce me za a fara kwancewa. Shekarun da ya yi yana aiki ba a kunne kawai suke ba, akwai ido da hannu da sanin abin da ke biyo bayan wani. In ya ƙi, kada ki matsa. A gyara motar, ki koma sana'arki, ki riƙa kawo masa labarin hanya. Abin da yake ji makoki ne, yana buƙatar kwanaki.

Sai kunnen. A kai shi likitan kunne ya duba. Wani lokaci datti ne ya cushe, a wanke ya samu sauƙi. Wani lokaci ƙarar injuna ta shekaru ce da tsufa, sai a ba shi na'urar ji. Kada ki yi masa alkawarin warkewa. Kuma ba ke za ki ɗauko zancen ba, ki nemo wani sa'ansa da suka yi ƙuruciya tare, wanda zai iya yi masa tsiya ya ja shi su tafi. Ku kuma a gida, ku fuskance shi in za ku yi magana, ku faɗa a sarari ba tare da ihu ba, a daina dariya in bai amsa ba.

Ki ci abinci, 'yata, masu jinya biyu sun yi wa gida ɗaya yawa. Allah ya sanyaya zuciyar mahaifinki, ya ƙara masa lafiya da nisan kwana, ya jiƙan mahaifiyarku, ya sa albarka a kasuwarki, ya kai ki ya dawo da ke lafiya.

Hajiya Zaituna