Mijina Ya Dawo, Na Maƙwabciyata Bai Dawo Ba

Anti Hajaratu, don Allah ki taimake ni da shawara. Saura mako biyu a yi bikin godiyar kaka a cocinmu na bariki, ni kuwa na rasa inda zan sa kaina. Ki yi haƙuri da Hausata, ba yarena ba ne, a kasuwa da coci na koye ta.

Ni matar soja ce, shekararmu shida a bariki nan Jalingo. Ƙofar ɗakinmu na kallon ta wata baiwar Allah, bari in kira ta Rejoice, mijinta kuma Manga, duk ba sunayensu ba ne. Ni da ita tukunyarmu kusan ɗaya. Da na haifi ɗiyata ta biyu uwata ba ta samu zuwa ba, Rejoice ce ta yi mini wanka har na yi ƙarfi. Muna da 'yar gona a bayan bariki da muke nomawa tare. Farkon shekarar nan Manga ya kawo irin doya daga ƙauyensu wajen Sunkani, shi da maigidana suka yi mana kunyoyi, ba a yi kwana goma ba aka kwashe su zuwa bakin daga a mota ɗaya. Ranar da muka gama shuka, ni da Rejoice muka durƙusa a gonar muka yi wa Allah alkawari: in ya dawo mana da su lafiya, ranar godiya za mu ɗauki doyar da ta fi girma a ka, mu yi rawa da ita har gaban bagadi.

Wata Talata cikin Agusta, da hantsi, muna wanki a bakin famfo ni da ita, sai ga mota ta shigo layinmu, da wani ofisa da fasto da Magajiya, shugabar matan bariki. Kowace matar soja ta san ma'anar wannan. Motar ta tsaya daidai tsakanin ƙofofinmu biyu. Da suka fito suka juya wajen ƙofar Rejoice, Anti, abin da ban taɓa gaya wa kowa ba shi ne, bakina ya ce na gode Yesu. Da ƙarfi na faɗa, tana tsaye kusa da ni da kumfa a hannunta. Har yau ban sani ba ko ta ji.

Na yi girkin zaman makoki, na ɗebo ruwa, na yi shara, amma ban taɓa yarda mun zauna mu biyu ba. Da maigidana ya dawo a Oktoba abin ya ƙaru. Yanzu sai na leƙa ta taga na ga ƙofarta a rufe kafin in fita. Famfon wani layi nake zuwa. In mun yi kiciɓis ta gaishe ni, in amsa ina kallon ƙasa. Dariya ma a ɗakina a hankali nake yi don kada ta jiyo.

Shi ma maigidan ba yadda ya tafi ya dawo ba. Abinci kaɗan yake ci, in mawaƙan coci sun fara gwajin ganga sai ya sa takalmi ya fita. Na ga agogon Manga da ƙaramin Littafi Mai Tsarkinsa a ƙasan akwatinsa. Da na tambaye shi me ya sa bai kai mata ba, ya ce in bar maganar.

To ga shi Mama Keziah, shugabar zumuntar mata, ta sa sunana in ja gaban iyalan waɗanda suka dawo, in kuma ba da shaida a gaban jama'a. An ɗinka anko. Makon jiya na je na tono doyar ni kaɗai, ta yi kyau irin wanda ban taɓa gani ba, na zauna a gonar na yi ta kuka. Duk tana jibge a kicin ɗina, har da rabon Rejoice, na kasa kai mata. Na ji kuma an ce kafin Kirsimeti za ta bar ɗakin ta koma wajen dangin mijinta.

In na yi rawar, da wane ido zan kalle ta? In na ƙi, na karya alkawarin da na yi wa Allah, alhali ya cika mini nawa. Kuma gaskiya ina so in gode masa, ina so ƙwarai, shi ne ma yake sa ina jin kamar ni muguwa ce. Me zan yi?

Matar Kofur, Jalingo.

*

Ƙanwata Matar Kofur, sannu. Hausarki ta isar da saƙo sarai.

Ke ba muguwa ba ce. Abin da ya fito daga bakinki a bakin famfo tsoro ne ya sake ki, ba murna kika yi da mutuwar Manga ba. Da wajen ƙofarki suka juya, wataƙila da Rejoice ce yau take rubuto mini wannan wasiƙar. Amma zan gaya miki abin da ba za ki so ji ba. Kalma uku da kika faɗa ba da niyya ba, ba su kai ciwon wata ukun da kika yi kina ɓuya ba. Ki duba ta ɓangarenta: ta rasa miji, za ta rasa ɗaki, ƙawarta kuma ta canza famfo. Ba ta san kunya ce ke damunki ba. Tana iya ɗauka kin guje ta ne don ta zama gwauruwa.

Saboda haka kada ki jira ranar bikin. Gobe ki ƙwanƙwasa ƙofarta, ki ce mata kin yi kuskure da kika janye jiki, kunya ce ta hana ki. Kada ki tsawaita, kada ki yi kukan da zai sa ita ce za ta koma lallashinki. Maganar famfo, in ta tayar, ki amsa ki ba ta haƙuri. In ba ta tayar ba, ki bar ta tsakaninki da Ubangijinki. Ki gaya mata doya ta iso, ta zo ku raba da hannunta. Irin mijinta ne, hakkinta ne, kuma ki tuna mata ta ware wanda za ta shuka a Sunkani. In ta karɓe ki da sanyi, kada ki yi fushi, ki koma jibi.

Batun alkawari, ni musulma ce, ba zan yanke miki hukunci a kan addininki ba. Ki sami fastonku ki gaya masa komai. A nawa ganin, godiya ba laifi ba ce, kuma ɓoye ta ba zai dawo da Manga ba. Ki kai doyarki. Sai dai jan gaba da ba da shaida ba sa cikin abin da kika yi alkawari, kina iya ce wa Mama Keziah bana a ɗauke miki, ki kuma roƙe ta a ambaci waɗanda ba su dawo ba da sunayensu kafin a buga ganga. Ki sanar da Rejoice abin da kika shirya tun kafin ranar. Zuwa ko rashin zuwa, nata ne.

Maigidanki kuwa, kada ki matsa masa ya yi rawa ko ya ba da labari. Amma rashin cin abinci da gudun ƙarar ganga ba abin sakaci ba ne, ki lallaɓa shi ya ga likita a asibitin bariki. Agogon da littafin amana ce. Ki gaya masa sau ɗaya, cikin natsuwa, cewa lokaci na ƙurewa, kuma duk ranar da ya shirya za ki raka shi.

Kirsimeti ya kusa, ƙanwata, ki tashi. Allah ya ba Rejoice haƙuri da mafita, ya ba maigidanki lafiya, ya sa ku yi bikinku da zuciya a kwance.

Taku,
Anti Hajaratu.