Minti Ashirin da Biyar da Suka Raba Ni da Sunan Jikata

Daga: Malam Maccido Ladan, tsohon hedimasta,
Fakku, Ƙaramar Hukumar Kebbe.

Zuwa ga: Mai girma Jami'in Sauraron Koken Fasinjoji,
Kamfanin Jiragen Sama na Shamuwa.

21 ga Oktoba, 2024.

Game da: Tafiyar Sakkwato zuwa Birnin Kebbi da aka ce minti ashirin da biyar ce.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da ladabi, ina gabatar da kokena kamar haka:

1. Ranar Juma'a 11 ga wata aka sa sunan jikata a Birnin Kebbi, mace ta farko bayan maza huɗu. Ɗana Rufa'i ya bar mini zaɓin suna. Na zaɓi na marigayiya mahaifiyata, na riƙe shi a ciki yadda muka gada, ko uwargidana Atu ban gaya wa ba.

2. A tashar Tambuwal na ga tallanku: kilomita ɗari da 'yan kai, minti ashirin da biyar. Tallan bai ce sai na tafi Sakkwato, na ba Birnin Kebbi baya na tsawon awa biyu, kafin in fuskance ta ba.

3. Wakilinku ya ce ragon sunan da na saya ba ya hawa jirgi. Atu ta tafi da shi a bas ta hanyar Jega, tana yi mini dariya.

4. Jirgin ƙarfe huɗu na yammacin Alhamis bai tashi ba sai takwas na safiyar Juma'a. Na zaci fasinja ake jira ya cika, har na nemi in biya kuɗin kujerun da suka rage. Aka ce in zauna. Rago, Ranka ya daɗe, ya riga ni isa da kwana guda.

5. Gaskiya ɗaya ce: a sama minti ashirin da biyar ɗin muka yi cif. Amma ma'aikaciyarku ta sa na kashe waya, na bi doka. A daidai lokacin liman ya gaji da jira, mahauci ya wasa wuƙa, Rufa'i ya kira ni sau tara. Da ya rasa ni ya tambayi uwarsa, ita kuwa ba ta yi wata-wata ba ta faɗi sunan tata uwar. Na iso ana fiɗa. Na yi kuka a bayan gida, shekaruna saba'in da ɗaya.

Saboda haka ina roƙon a gyara tallan, a ƙara awa goma sha shida na zaman benci. A kuma ba ni takarda mai hatimi cewa ba sakacina ba ne, domin dangin mahaifiyata sun daina amsa gaisuwata.

Idan ofishinku na buƙatar sunan jaririyar don cike fam, a gafarce ni, a tambayi wani. Na surukuwata ne, bakina ba ya iya faɗinsa, hannuna ma ya ƙi.

Naka mai biyayya,
Maccido Ladan Fakku.